Mutum Ɗaya Ke Shiga

Ba wanda ya gaya mini 'yata tana da ciki, ban kuma sa ran a gaya mini ba. Da idona na gani, ranar da ta zo yi mana barka da salla, ta ture kwanon miyar taushen da take so tun tana ƙarama, ta koma gefe tana tsotsar tsamiya. Na kawar da kai kamar ban ga komai ba. Washegari na aika a kira mini mai fenti.

'Yar fari ce. A gidanmu, nan Gobarau, ɗan fari ba a kiran sunansa, ba a yi masa wasa a gaban mutane, ba a nuna an damu da shi. Ana yaye ta, Inna mahaifiyata ta ɗauke ta zuwa gidanta a Ƙofar 'Yandaka. Can ta girma cikin ƙannena, ta tashi tana kirana Yaya kamar yadda ta ji suna kirana. Ni kuma in zan ambace ta sai in ce 'yar Inna. Yaran yanzu suna cewa wai wannan rashin so ne. Su suka sani. Ni dai na san sau nawa na canza hanya na bi ta bayan makarantarsu don kawai in hango ta a fili in wuce.

Amma akwai lokaci ɗaya da al'ada ke mayar wa uwa da 'yarta, shi ne haihuwar fari. In ciki ya tsufa yarinya takan dawo gida goyon ciki, ta haihu a gaban uwarta, a yi mata wankan jego har ta yi arba'in. Inna ta rasu kafin auren, saboda haka ba wanda zai karɓe mini wannan. Na daɗe ina jiran watannin nan, ban taɓa faɗa wa kowa ba. Na sa aka gyara ɗakin da ke kusa da nawa, na tara itace a bayan kicin, na fito da babbar tukunyar Inna na sa aka wanke. Kanwa, gero, kayan yaji, duk na tanada. Abin da bakina ba zai iya faɗa ba, na yi niyyar in faɗe shi da ruwan zafi da kunun kanwa.

Sai ga mijinta ya zo wajen Malam, maigidana, suka daɗe a zaure. Ma'aikacin gwamnati ne, a GRA suke zaune, yaro mai ladabi, ba ni da abin cewa a kansa. Da ya tafi Malam ya shigo yana ta kame-kame. Likita ya ce jininta yana hawa, gara ta zauna kusa da asibitin da take awo, ba za ta zo goyon ciki ba sai dai wanka bayan ta sauka. Na haɗiye wannan, lafiyarta ta fi mini komai. Amma Malam bai gama ba. Ya ce sun ɗauki wata mata da za ta riƙa kula da ita har ta haihu, ana biyanta. Na tambaya ko nas ce, ya ce a'a. Ungozoma ce? A'a. 'Yar aiki? Ita ma a'a. Ya ce akwai sunan da ake kiransu da shi, dula ko wani abu mai kama da haka. Ban riƙe sunan ba. Tun daga ranar na sa mata 'yar rakiya.

Ban iya zama ba. Bayan kwana biyu na dafa dambu na ce zan kai wa maƙwabciyarsu, wadda a gaskiya gaisuwa kawai ke haɗa mu, na biya ta gidan kamar hanya ce ta kawo ni.

Na same su a falo. 'Yar Inna tana zaune a kan wata ƙatuwar ƙwallon roba tana lilo a hankali, ƙafafunta sun kumbura. A bayanta wata mata ta durƙusa ta dafa mata ƙugu da hannu biyu tana matsawa. Ba yarinya ba ce, ba kuma tsohuwa ba. Gajeriya, fuska ba kwalliya, farce a yanke ƙwal, ba zobe ba awarwaro. Tana ganina ta saki abin da take yi ta zube ta gaishe ni, ta tambayi gida, ta tambayi Malam, ta tambayi gajiya da zafin gari, ba ta tsallake ko ɗaya ba. Ta kira ni Mama. Ladabin ya yi mini yawa. Wanda bai san ka ba ya fara da kiran ka Mama, akwai abin da yake nema.

Na bari sai da 'yar Inna ta shiga ciki, sannan na tambaye ta.

"To ke mi ne ne aikinki, tunda ba ki allura ba ki yanke cibi?"

"Zama nike yi da ita, Mama."

"Zama."

"E. In raka ta awo, in matsa mata inda ke ciwo, in koya mata jan numfashi. Ranar kuma in tsaya kusa da ita."

Na ce to, Allah ya taimaka. A raina na ce yau na ga sana'a. Mu da muka haihu a ɗaki, kan tabarma, wa ya koya mana numfashi? Kuma tun yaushe zama kusa da mai naƙuda ya zama abin da ake ɗauko bare a biya shi, alhali uwarta na raye, ƙannen uwarta sun cika gari?

Na shiga bincike. Ƙanwata tana da baki da ƙafa, cikin mako guda ta kawo mini labari. Matar asalinta daga ƙauye take, aure ya kawo ta birni, mijin ya rasu. Ta yi shekaru tana taimaka wa masu jinya a wani ƙaramin asibiti, daga baya aka koya musu wannan aiki ita da wasu mata. Gidajen da ta yi wa aiki duk yabonta suke. Wannan ne ya ƙara tayar mini da hankali. Mace ta shiga gidaje haka, a ce ba ko mutum ɗaya da zai ce ta taɓa yi masa kallon banza? Ko dai ta iya takunta, ko ta iya wani abu.

Na yi ta jujjuya abin. Kowa ya san ba a sakaci da mabiyiya, ba a sakaci da gashin jariri ko cibiyarsa in ta faɗi, don akwai masu neman su ba don alheri ba. Ga kuma wayar da kullum ke cikin jakarta, a zamanin da komai sai an ɗauka an watsa wa duniya. Amma zargin da ya fi zauna mini shi ne na Hajiya, uwar mijin. Ni da ita muna mutunci, irin mutuncin da kowa ke auna maganarsa kafin ya furta. Na ce ba mamaki ita ta dasa matar nan a gidan, ta riƙa kai mata rahoton abin da ake ci da abin da ake cewa, da sau nawa uwar yarinya ke zarya.

Sai na gwada 'yar rakiyar. Wata rana muna zaune mu biyu na rage murya na ce mata likita ya ce sai an yi mini aiki a gwiwa, amma kada ta faɗa wa kowa. Ƙarya ce, gwiwata lafiyarta lau. Na san Hajiya, in ta ji, ba za ta iya kwana ba ta zo dubiya da lemo ba. Na zauna ina jira. Mako ya wuce, wani ya bi bayansa. Mun haɗu da Hajiya a gidan suna, ta gaishe ni ta wuce, ko kallon ƙafata ba ta yi ba. 'Yar Inna ma ba ta tambaya ba. Ita kaɗai 'yar rakiyar, duk sanda na zo sai ta jawo mini kujera mai tsawo ta sa mini matashi. Na ji haushi biyu: tarkona bai kama ba, kuma ga shi dole in riƙa ɗingishi a gabanta.

Abin da ban iya jurewa ba shi ne yadda suke hira. In na shigo sai in tarar suna magana ƙasa-ƙasa, wani lokaci idon 'yar Inna ya yi ja. Da ta gan ni sai ta gyara zama, ta ja mayafi ta rufe cikin, ta gaishe ni, hirar ta mutu. Ni ma in zauna a bakin kujera in tambayi maigidan, in tambayi ko an kawo wuta. Ban taɓa tambayar ta jikinta kai tsaye ba, sai dai in tambayi 'yar rakiya a gabanta, in ce ya mai jikin. 'Yar rakiya kuwa ta kama ƙafar nan da ta kumbura ta ɗora a cinyarta tana murzawa da man zaitun kamar ƙafar 'yar da ta haifa. Har na taɓa jin tana gaya mata wai in ciwo ya yi ciwo ta yi ƙara, ba laifi ba ne. A danginmu mace ko za ta mutu ba a jin bakinta a naƙuda, in kuwa aka ji, abokan wasa sun samu abin tsokana har ta tsufa. Ranar na koma gida ban ci abinci ba.

Da watan haihuwa ya kama, wata rana bayan azahar sai na ji sallama a tsakar gidana. 'Yar rakiya ce, ita kaɗai. Na shimfiɗa mata tabarma na kawo ruwa, ina lura da inda idonta ke sauka. Ya sauka a kan itacen da na tara, ya sauka a kan tukunyar, ya sauka a ƙofar ɗakin mai sabon fenti. Bayan doguwar gaisuwa ta ce magana ce ta kawo ta, kuma ba aiko ta aka yi ba.

Ta ce a asibitin da za a je, mutum ɗaya ake bari ya shiga ɗakin haihuwa tare da mai naƙuda. Ta ce ta zauna da yarinyar nan watanni, ta san abin da ke ranta.

"Ku take so ku shiga, Mama. Ba ta iya hwaɗa maku."

Na ce in haka ne me ya sa aka ɗauko ta. Ta ce don yarinyar tana tsoro, kuma ta ɗauka ba zan yarda ba. Sannan ta ƙara da abin da har yau nake jin sa da muryarta.

"Nas za ta tambaya wa zai shiga. Sau ɗaya take tambaya, Mama. Can ba a yin kara."

Na yi mata godiya na raka ta har zaure. Da na dawo na zauna na fara warware maganar zare-zare, don ban yarda haka kawai ta hau napep ta ratso gari saboda Allah ba. Na farko, in na shiga ita ta huta, ta zauna a benci ta karɓi haƙƙinta ba ta yi gumi ba. Na biyu, yarinya mai hawan jini, in wani abu ya faru, Allah ya kiyaye, wa za a ce yana ciki? Uwarta. Na uku, wanda ya fi tsaya mini, a gaban Hajiya da 'ya'yanta za a yi tambayar nan. A ce uwar 'yar fari ta yi zumbur ta miƙe ta ce ni ce, ba a roƙe ta ba, ba a ja hannunta ba? Kafin magariba labarin ya zaga Gobarau ya dawo. Na ce wataƙila abin da ake so ke nan, a ga rashin kunyata.

Duk da haka maganar ta hana ni sakat. Na je GRA na sami 'yar Inna ita kaɗai tana ninke kayan jarirai. Na zauna na ɗauki wata 'yar riga ina dubawa, na ce na ji wai asibitocin yanzu mutum ɗaya suke bari. Ta ce haka ne. Na ce to ai gara wanda ya san aikin. Ina so ta musa mini. Ta daɗe tana gyara hannun wata riga da ba abin da ya same shi, sannan ta ce, "Duk yadda kuka gani, Yaya." Na ce a raina, ka ji, da tana so ai da ta faɗa. Ban tsaya na tuna wa ya koya mata irin wannan amsa ba.

Amma na yanke shawara a ɓoye. Zan shiga. Sai dai zan shiga yadda ya kamata: a tambaya, in ƙi, Hajiya ta ce haba, shiga mana, in sake ƙi, a kama hannuna a tura ni. Haka ake yi a ko'ina, ko abinci aka ba ka a gidan surukai. Na tabbata Hajiya ta san wannan, mace ce da ta san ya kamata.

Ranar ta zo da hantsi. Mijin ya bugo wa Malam waya, na zari mayafi ko ɗingishin ban tuna da shi ba. Na same su a barandar asibiti, Hajiya da 'ya'yanta mata biyu a kan benci, mijin yana kai da kawowa da takardu. 'Yar Inna tana tsaye ta dafa bango, 'yar rakiya na bayanta tana shafa mata baya tana yi mata magana a kunne. Na gaisa da Hajiya na zauna a ƙarshen benci, na ɗora idona a kan takalmina. Ta gefen ido nake ganin yadda gumi ke bin wuyanta.

An ɗan jima wata nas ta fito ta duba ta, ta ce a shigo da ita. Aka zaunar da ita a keken marasa lafiya. Nas ɗin ta riƙe ƙofa da ƙafa ta dube mu, ta ce wa zai shiga, mutum ɗaya.

'Yar rakiya ta ja da baya taku ɗaya ta bar hanya, ta dube ni. 'Yar Inna ma ta ɗago kai. Ban taɓa ganin ta kalle ni ido cikin ido haka ba tun tana goye.

Na ce, "Ni mi zan yi ciki? Ga mai aikinta nan."

Na faɗa da 'yar dariya, yadda ake faɗa, na juya wajen Hajiya ina jiran nata. Kuma wallahi ta buɗe baki, na ga ta ɗaga hannu za ta ce haba. Sai ciwon ya sake turnuƙe yarinyar ta dunƙule a cikin keken, nas ta ce to ku zo mu je, ta tura. 'Yar rakiya ba ta bi su nan take ba. Ta tsaya ta tare ƙofar da kafaɗarta tana kallona, har nas ta yi mata magana daga ciki. Ni kuwa idon mutane na kaina, na kasa ɗaga ƙafa. Ta saki ƙofar ta shiga.

Hajiya ta ce, "Ai da kin shiga." Na ce ba komai, duk ɗaya ne.

Ban san akwai dogon wuni irin wannan ba. Aka yi azahar, na yi salla a gefen baranda ban san abin da na karanta ba. Da farko ba a jin komai sai muryoyin ma'aikata. Can sai na fara jin ta. Nishi ne, daga baya ya zama ƙara, irin wanda aka ce mata ba laifi ba ne. Na ji kunya ta rufe ni a gaban surukai, na ce ga abin da matar nan ta jawo mana. Sai ƙarar ta zama kira. Yaya take cewa. Ba ta kira Inna da ta raine ta ba, ba ta kira mijinta ba. Yaya, Yaya, tana ja kamar mai kiran wanda ya yi nisa.

Hajiya ta sunkuyar da kai tana jan carbi. 'Ya'yanta suka tashi wai za su sayo ruwa. Duk sun yi mini kara, sun bar ni da abina. Na zauna ina jin sunan da take kirana da shi yana fitowa ta ƙarƙashin ƙofa, har na ji ba zan iya ba. Na miƙe, ban damu da wa ke kallo ba, na je na ƙwanƙwasa. Wata ma'aikaciya ta leƙo. Na ce ni ce uwarta. Ban taɓa faɗin wannan kalma da bakina a gaban mutane ba sai ranar. Ta ce in yi haƙuri, an riga an yi nisa, kai ya sauko, ba a canza mutum yanzu. Ta mayar da ƙofa ta rufe a hankali.

Nan na tsaya, goshina a jikin katako, har na ji kukan jariri.

Mace aka samu, uwa da ɗiya lafiya. Aka yi ta barka, Hajiya ta rungume ni, mijin ya rasa inda zai sa kansa. Aka ce sai an gyara su kafin a gan su. Ana kiran la'asar 'yar rakiya ta fito, mayafinta ya jiƙe, idonta ya faɗa. Ta durƙusa ta yi mini barka. Na duba fuskarta da kyau ina neman alamar ta ci nasara a kaina, ko ɗan murmushin na gaya miki. Ban samu ba, gajiya kawai na gani.

Muka nufi wajen famfo tare don yin alwala. Ta cika buta ta tsuguna ta naɗe hannun riga. Daga wuyan hannunta har kusa da gwiwar hannu duk sawun farce ne, wasu sun yi ja, wasu sun fashe suna tsattsafo da jini, ga shatin yatsu ya kwanta ya fara yin baƙi. Na tambaye ta me ya same ta, alhali na sani.

Ta ce, "Riƙo ne, Mama. Ku take kira, hannuna ta samu."

Har yau in aka tambaye ni game da matar nan nakan ce ban gama gane ta ba, kuma gaskiya nake faɗa. Amma a wajen famfon nan ban yi tunanin komai ba. Na karɓi butar daga hannunta, ta yi ƙoƙarin hana ni, na ce ta miƙo. Na zuba mata ruwan a hankali. Da ya taɓa inda ya fashe ta ɗan ja iska ta haƙora ta runtse ido. Ina tsaye a kanta da buta, hannuwana biyu lafiya lau ba ko ƙwarzane, na ji da ma ni ruwan nan yake yi wa zafi.